Mai Askin da Ya Koya wa Unguwa "Boycott"

"Kai, wa ya bar ka da rabin kai?"

"Kamus mana. Yana cikin aski Turanci ya motsa masa."

Haka mai askin nan da ake wa laƙabi da Kamus yake tun yana saurayi. Da kalma ta faɗo masa, sai ya kashe inji ya hau bayani. Ran nan "boycott" ce. Ya ce asalinta sunan wani Bature ne mai karɓar haya, wanda gari ya ƙaurace wa, ko gaisuwa babu.

Unguwa ta haddace darasin. Washegari kujerarsa sai ƙuda.

Da Kamus ya hango mai rabin kan zai wuce da hula danne har kunne, sai ya leƙo daga shago.

"Surukina, don Allah zo in ƙarasa maka. Bakina ƙanin ƙafata."