Bakina da Yasmin ɗin Hajja

Abin da na faɗa ranar bai taka kara ya karya ba. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa da la'asar sakaliya, takalmi yana cizon ƙafata, na shigo gidan da muke haya a unguwar Lamisula ta Maiduguri. Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Ina leƙa tsakar gida na ga yasmin ɗin Hajja ya yi fari fat da fure, na ce, "Kai, Hajja, furen nan ya yi kyau!" Na wuce ɗaki. Ban ce tubarkalla ba, ban ce masha Allah ba. Ba rashin sani ba ne, a gidanmu ma da wannan aka tashe mu. Gajiya ce kawai.

Hajja ita ce mai gidan. Dattijuwa ce Babarbariya, doguwa, mai sana'ar turaren wuta da humra. Ni iyayena Kanawa ne, amma a Maiduguri aka yanke cibiyata, sai dai wannan bai hana ta kirana Afuno ba, sunan da Barebari suke kiran Bahaushe, in tana jin tsokana. In tana jin mutunci kuwa, Malama ce. Da ita da ɗanta da matarsa suke ɓangare guda, mu 'yan haya biyu muna ɗaya ɓangaren, ni da maigidana, sai wata ma'aikaciyar ofis 'yar kudancin Borno da ɗakinta ke jikin namu.

Yasmin ɗin nan ba a kasuwa ta saye shi ba. Hajja ta baro garinsu a shekarun tashin hankali da kayan jikinta kaɗai. Bayan abubuwa sun ɗan lafa wani ƙaninta ya leƙa garin, ya tarar gidanta ba rufi ba ƙofa, amma yasmin ɗin da ke bakin rijiya yana nan da ransa. Ya yanko reshe ya naɗo mata a jiƙaƙƙen tsumma. Shi ta dasa a gindin katanga ya kama. In zafi ya tsananta, sai ta tsayar da mai moya ta sayi ruwa musamman don shi, ita ta yi wanka da ragowar. Duk gidan mun san wannan, kuma ba mai tsinkar fure ko ɗaya sai ta ba shi da hannunta.

Ba a jima da maganata ba ganye ya fara lalacewa. Lokacin damina ta kankama. Da farko gefen ganyen ne aka ɗan gatsa nan da can, sannan aka fara wayar gari a ga reshe guda tsirara, sai jijiyoyin ganye kawai. Ƙananan furannin da ba su buɗe ba suka riƙa yin ja suna zubewa. Hajja takan tsaya a kansa hannu a ƙugu, ta daɗe, sannan ta juyo ta dubi ƙofar ɗakina.

Gaisuwa ce ta fara nuna mini akwai matsala. Wanda ya san gaisuwar Barebari ya san ba a gama ta a tsaye ɗaya. Sai ga shi in na ce, "Hajja, ina kwana?" ta ce "Lafiya," ta ci gaba da jan carbi. Ba wushe, wato sannunsu ta Barebari, ba tambayar maigida, ba Afuno ba Malama. Sannan wata safiya na fito na tarar ta kafa sanda biyu ta ɗaura buhu a jikin yasmin ɗin. Ba ta kewaye shi duka ba. Gefen da ke kallon ƙofata kaɗai ta rufe.

Maƙwabciyata ce ta fasa mini ƙwan, muna wanke-wanke. Ta rage murya ta ce, "Malama, kin san dai abin da ake cewa? Wai baki gare ki. Wai tun ranar da kika yaba furen nan ya fara mutuwa."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta wuce haƙora ba. Na san dalilin da ya sa maganar ta zauna a kaina daram. Na daɗe da aure ban haihu ba, kuma mace irina ko tari ta yi kusa da abin wani, sai a ce hassada ce. Surukar Hajja kuwa tana da tsohon ciki, cikin fari. Yarinyar da nake yi wa kitso, wadda take shigowa ɗakina ta ci ɗanwake ta miƙe ƙafa, ita ce yanzu in na doso take jawo mayafi ta rufe cikinta. Wannan ya ƙona mini rai fiye da komai. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan haushi.

Maigidana ya ce in share, in abin ya dame ni mu nemi ɗaki a unguwar Bolori. Namiji ke nan. Yana ganin in aka ɗora katifa a Keke Napep an bar magana a baya. Matan Lamisula da na Bolori a gidan suna ɗaya suke haɗuwa, kuma 'ya'yansu nake koyarwa. In sunan mai baki ya bi ni, ba uwar da za ta sake miƙo mini jaririnta, ko a wace unguwa na koma. Na ce masa ba inda za ni.

Ni ma sai na zama abin da ake yi mini. Kowa na gani sai na auna shi. Na zargi akuyar gidan da ke bayanmu, amma akuya ba ta tsallaka katangar bulo, kuma ba ta ci ta bar jijiya. Na zargi maƙwabciyata, don me ya sa take rawar jiki wajen kawo mini labari? Ɗakinmu ya fi nata girma, kuma ta taɓa cewa yana da iska. Har Hajja kanta ban ƙyale ba. Na ce wataƙila ɗakin take so ta ba ɗanta tunda iyali za su ƙaru, tana kunyar cewa mu tashi, shi ne ta biyo ta nan. An ce zato zunubi ne, to a damina ɗaya na kwashi rabona. Ita kuma Hajja tana nata ƙoƙarin, yau ta yayyafa rubutu, gobe ta turara wani abu mai yaji a gindinsa, ganye kuwa yana ta tafiya.

Sharar tsakar gida bi da bi muke yi. Ranar da ta zagayo kaina, na fito bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Ina kai tsintsiya gindin katanga sai na ga ƙasa cike da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar masoro. Ba kashin ɓera ba ne, na san na ɓera. Na ɗaga kai ban ga komai ba sai ganye. Na waiga, ba kowa. Na zagaya bayan buhun na tsuguna, na leƙa ganyen ta ƙasa. Ina cikin kallo wani abu da na ɗauka reshe ne ya motsa kai.

Tsutsa ce, kaurinta ya kai yatsana, koriya shar kalar ganyen, da ɗan ƙaho a wutsiya. Tana cin ganye hankali kwance. Da idona ya gane ɗaya, sai ya riƙa ganin sauran, manya da ƙanana, sun lafe a inuwar buhun da aka kafa don idona. Wani irin haushi ya taso mini. Ni da nake tsallen tsoro in na ga gwazarma, na rarumo gwangwanin madara na shiga ɓamɓaro su da hannu. Suna riƙe reshe gam, sai an ja.

"Malama."

Hajja ce tsaye a bayana da buta. Ga ni a durƙushe bayan buhu, hannuna cikin yasmin ɗinta, gari bai gama wayewa ba. Ko ni ce ita, da na ce na kama mai laifi dumu-dumu.

Ta ce, "Me kike nema a nan?"

Na miƙa mata gwangwanin. Ta ajiye buta, ta ɗauki tsinke ta jujjuya abin da ke ciki, ta daɗe tana kallo.

"Tsutsa ce," in ji ta.

Na ce, "Tsutsa ce, Hajja. Ga mai cin furenki nan. Ba bakina ba ne."

Na ɗauka magana ta ƙare, gani ya kori ji. Ashe ban san Hajja ba. Ta ce, "Tsutsa kam na gani. Amma shekara nawa furen nan yana nan ba ta san hanya ba sai bana. Wa ya nuna mata?"

Na shiga yi mata bayanin da nake yi wa 'yan ajina, cewa wani ƙwaro ne dangin malam-buɗe-littafi yake zuwa ya saka ƙwai a bayan ganye, ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To shi kuma wa ya aiko shi?"

Nan haƙurina ya ƙare. Na miƙe na ce, "Hajja, ki ji tsoron Allah. Da bakina yana da ƙarfin kiran abu ya zo, da tuni na kira wa kaina abin da nake nema shekara da shekaru, ba tsutsa ba."

Ban taɓa faɗin wannan a gaban kowa ba. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Na zaci za ta ce mu kwashe kayanmu. Sai ta ɗauki butarta ta ce, "To ci gaba. Wanda ya kira su shi zai sallame su."

Haka aikin ya dawo wuyana, kuma tun ranar na gane tarko ne. In yasmin ya warke, a ce na janye bakina. In ya mutu, na kashe shi sau biyu. Duk da haka kullum kafin in tafi makaranta sai na bi ganyen ɗaya bayan ɗaya ina juyawa, in cire tsutsa, in kankare ƙwai da farce. Na yanke rassan da suka bushe. Na tona gindinsa sama-sama na fito da waɗanda suka shige ƙasa suka yi ɓawo, na watsa wa kaji. Buhun kuwa na tumɓuke shi da hannuna a kan idon Hajja. Tana dai zaune a kan tabarma da carbinta, idonta a kan yatsuna.

Ranar da na daka ganyen darbejiya na jiƙa, na zo da bokiti da tsintsiya zan yayyafa, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta sunsuna ruwan.

"Me kika sa a ciki?"

"Darbejiya ce, Hajja, da ɗan sabulu. Tsutsa ba ta son ɗaci."

"Ɗanɗana in gani."

Na tsoma yatsa na lasa, ɗacin ya tafi har ƙeyata. Ban yamutsa fuska ba, don kada ta ji daɗi. Ta ce in yayyafa.

Wajen ƙarshen damina sabon toho ya fito, ƙwayoyin baƙi suka daina zuba a ƙasa, furanni suka fara buɗewa jefi-jefi. Ban ce komai a kansu ba. Ko kallonsu zan yi sai na tabbatar bakina a rufe yake. A cikin kwanakin surukar Hajja ta haifi namiji. Na je barka, amma daga bakin ƙofa na tsaya na yi addu'a na juyo. Ba wanda ya ce in shigo.

Ranar suna gida ya cika da mata, hayaƙin turaren wuta har ba ka ganin na kusa da kai sosai. Na zaɓi wajen wanke kwanuka na zauna, inda ba wanda zai ce na kalli wani abu. Ina cikin ɗauraya sai na ji muryar Hajja ta ratsa hayaniyar.

"Afuno! Wanke hannunki ki zo."

Na je. Tana zaune a tsakiyar mata da jaririn a cinyarta. Ta ɗago shi ta ɗora mini a hannu. Wurin ya yi tsit, kuma daga shirun nan na gane cewa duk matan da ke wurin sun ji labarina, har waɗanda ban taɓa gani ba. Mai jegon ta ɗan yunƙura, Hajja ta dafe mata gwiwa.

Ta ce, "To, me kika gani?"

Yaron yana barci, ɗumi gare shi, yana ƙamshin humra. Na buɗe baki na ce, "Tubarkalla, masha Allah!" da ƙarfin da har na zaure suka ji. Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa, hayaniya ta dawo. Hajja ba ta yi dariya ba. Ta bar shi a hannuna har ya motsa, sannan ta karɓa.

Maƙwabciyata ta ce Hajja ta wanke ni a gaban duniya. Maigidana ma haka ya ce. Wataƙila gaskiyarsu ne. Ni dai abin da na sani shi ne, a gaban shaidu ta ɗora mini shi, kamar yadda ta ɗora mini yasmin. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da na mai jego. Daga ranar, in yaron ya yi tari sai gabana ya faɗi, in ya yi shiru da yawa in kasa kunne. Ni ce mai tuna musu ranar rigakafi, ni ce mai faɗa in an bar shi ba gidan sauro. Da ya yi mura, kwanon abincina haka ya koma ban taɓa ba. Ban taɓa yi wa ɗan wani addu'ar lafiya kamar yadda na yi wa yaron nan ba, kuma in aka ce in rantse ko don shi na yi ko don kaina, ba zan rantse ba.