Inda Baba Ke Ajiye Sunan Yaya

A gidanmu na Ƙonni ladanin unguwa ne agogonmu, duk da cewa mu Katolika ne. Da ya kira assalatu, Baba zai yi gyaran murya a tsakar gida, kuma kowa ya san ma'anarta. Maƙwabta suna alwala a bayan katanga, mu muna shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro. Baba tela ne a bakin kasuwa, kuma katikis ne, wato mai koyar da addini da jan addu'a idan Fada, limamin majami'armu, ya tafi ƙauye. Mu kaɗan ne a garin. In ka cire ma'aikatan da suka zo daga Togo da Benin, sauranmu ba mu cika mota guda ba.

Addu'ar safiyar ba ta canjawa. Baba zai karanta karatun ranar, ya ɗan yi bayani, sannan ya ba mu labarin waliyyin da ake tunawa a ranar. Yakan ce ranar waliyyi ba ranar haihuwarsa ba ce, ranar mutuwarsa ce, domin a ranar ne ya isa gida. Ni da nake yarinya mai baki, na taɓa ce masa waɗannan bayin Allah ba su da wata sana'a sai mutuwa. Wannan an sare masa kai, wancan an jefa wa zaki, duk kafin mutum ya sa kunu a cikinsa. Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in bari sai na girma. Yayana kuwa ya yi ta dariya har Inna ta zungure shi.

Bayan labarin waliyyi sai sunaye. Baba zai fara da masu rai: mutanen gida, marasa lafiya, sannan matafiya. Daga nan ya ja numfashi mai tsawo, ya shiga sunayen matattu. Ban taɓa kula da wannan numfashin ba sai da Yaya ya tafi.

Yaya ɗan kabu-kabu ne, tsakanin tasha da bakin iyaka yake kai mutane. Ya gaji da abin, ya sayar da babur ɗinsa, ya ce zai haura arewa neman aiki kamar yadda samari suke yi. Ya kira mu daga Agadas, yana ta zolaya, wai in ajiye masa rabonsa na kilishi. Ya ce gobe za su shiga Sahara, kada mu damu idan wayar ta ƙi shiga na ɗan lokaci. Ba ta ƙara shiga ba.

Labari kuwa mun sha shi iri-iri. Wani ya ce motarsu ta lalace nesa da rijiya. Wani ya rantse ya gan shi a wani garin Aljeriya yana ɗaukar bulo. Wani ma cewa ya yi yana gidan kaso. Duk mai labari sai Inna ta dama masa fura, ya sha ya tafi, ya bar mu inda ya same mu. Matan unguwa suka rasa gaisuwar da za su yi mata. Ba su iya cewa "ya haƙuri" ba, tunda ba a yi mutuwa ba. "Ina labarin matafiyi" kuma ya fara yi musu nauyi a baki. Sai suka koma tambayar ta lafiyar awaki.

Baba ya sa sunan Yaya cikin matafiya, shi ne na ƙarshen masu rai. Kowace safiya zai faɗe shi, sannan ya ja numfashin nan. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, sunan yana nan inda yake. A nan rigimar gidanmu ta tsiro, rigimar da ba a ɗaga murya a cikinta, amma ta hana mu duka sakewa.

Inna ta yi imani ɗanta ya mutu. A koyarwarmu, wanda ya mutu yakan tsaya a wurin tsarkakewa kafin ya ga Ubangiji, kuma addu'ar na baya ita ce ke taimakonsa. Abin da ke cin ranta ke nan. Ba mutuwar ba, a'a, tunanin cewa yaron yana can yana jira, kowa ana kiran sunansa ana aika masa da taimako, shi kuwa shiru, saboda a gidansu an ƙi yarda ya iso. Baba kuma ya ce ba zai binne ɗansa da bakinsa ba. Idan yaron yana raye a wani rami yana buƙatar ƙarfin dawowa, mu kuma muna roƙa masa hutun har abada, me muka yi ke nan?

Ni na tsaya a tsakiya, kuma haushin kowa nake ji. Har waliyyan ma ban ƙyale su ba. Kowannensu da ranarsa, an san inda ya faɗi, an san wanda ya ɗauki gawarsa. Yayana ko ranar da za a yi masa kuka ba shi da ita.

Wata safiya a cikin damina aka zo kan labarin wata waliyya da ta shafe shekaru tana kuka saboda ɗanta da ya bijire ya haura teku. Baba ya ba da labarin a hankali, yana satar kallon Inna. Ya ce hawayen uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza, ɗan ya dawo hanya a ƙarshe, har ya zama babban malami. Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Ita ai ta san garin da shike," in ji ta. "Har jirgi ta shiga ta bi shi. Ni wane jirgi zan shiga, Malam?"

Baba ya rufe littafin. Ranar bai yi sauran bayanin ba.

Akwai kuma maganar babur. Wanda ya saya wani mai albasa ne daga Tsarnawa, kuma ta lungunmu yake bi da sassafe zuwa kasuwa. Babur ɗin yana da wani tari da yake yi idan an sassauta masa a kwana, tarin da muka sani kamar muryar mutum. Sau da yawa daidai lokacin sunaye yake wucewa. Inna za ta juya ta kalli ƙofar zaure, Baba ya yi tuntuɓe a kan sunan da yake faɗa. Ni kuwa a wannan ɗan lokacin ina jin ƙamshin man da Yaya ke shafawa a kai, ƙamshi sosai, ba tunani ba. Na gaji, na tare mutumin a kasuwa, na wanke shi tas, na ce duk faɗin Ƙonni bai ga hanya ba sai tamu? Bawan Allah ya ba ni haƙuri, ya canja hanya. Da Inna ta ji shiru na wasu kwanaki, ta gano ni ce. Ta ce, "Wa ya aike ki, sarkin iyayi?" Ta yafa gyale ta tafi da kanta ta roƙe shi ya dawo.

Daga baya ta fara mafarkinsa. Kullum iri ɗaya ne: yana tsaye a bakin randa, leɓɓansa sun tsage, ya miƙo hannu, amma moɗa ba ta nan. Ta gaya wa Baba bayan addu'a, ta ce wannan alama ce, yaron yana neman taimako daga can. Baba ya ce alama ce dai ta yana raye, tunda matacce ba ya jin ƙishirwa.

"To shi wancan mai arzikin na cikin karatu, da ya mutu ya roƙi ɗigon ruwa daga cikin wuta fa?" in ji Inna. "Ba kai ka karanta muna ba?"

Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ta ranar ba. Ya ce mata kada ta ƙara haɗa ɗansa da wannan mutumin, ya ɗauki hularsa ya fita ba tare da ya sha kunu ba. Tun daga ranar Inna ba ta barin randa babu moɗa a kai, ko da an kwashe kwanuka duka za a wanke.

Ranar da ta fi mini ciwo a shekara ita ce ta tunawa da dukan matattu, a farkon Nuwamba. Bayan Misa, wato babbar ibadar majami'a, mukan tafi 'yar maƙabartarmu a bayan gari, kowa ya kunna kyandir a kan kabarin nasa, Baba ya karanto sunaye. Inna takan sayi kyandir ɗaya fiye da kaburburan da muke da su. Ta kunna shi, ta rasa inda za ta kafa, sai ta riƙe a hannu. Kakin yana narkewa yana bin yatsunta, ba ta ko motsi. Ta tsura wa bakin Baba ido har ya kai sunan ƙarshe ya rufe. Ta taɓa zuwa wurin Fada da kanta. Ya saurare ta da kyau, ya ce zai yi wa yaron Misa a duk inda yake, Allah ya san inda zai kai ta. Ta yi godiya ta dawo, amma a hanya ta ce mini "duk inda yake" ba wuri ba ne.

Na so in tsani Baba saboda wannan taurin kai, amma ban iya ba. Na ga yadda yake jinkiri a kan labarin uban nan da ya hango ɗansa tun daga nesa ya ruga ya tarye shi. Duk shekara idan karatun ya zagayo, sai ya dakata, ya ce mu yi shiru kowa ya yi nasa tunanin. Shagonsa kuma yana kallon hanyar da motocin Tawa da Agadas ke shigowa. Ya juya keken ɗinkin ya fuskanci titi, rana tana dukansa, ya ce wai hasken ya fi kyau a nan.

Hawan jini ne ya kayar da shi, ya shanye masa gefe guda, ya ɗauke masa magana. Addu'ar safe ta dawo hannuna. Mukan fito da shi mu jingina shi da dogon yaro, ni in karanta, in ba da labarin waliyyi da irin bakina, ina yi ina ƙorafi. Idan na zo kan sunaye sai in ji hannunsa mai lafiya ya kama gefen zanena. Ba ya saki sai na faɗi sunan Yaya a cikin matafiya. Ga Inna a ɗaya gefen, tana iya ce mini in sauya, tunda mai hanawa ba shi da bakin hanawa. Ko sau ɗaya ba ta ce ba. Na tambaye ta dalili, ta ce ba a kokawa da wanda ke kwance.

Da bazara ya rasu, da hantsi, muna ba shi ruwa a cokali. Maƙwabtanmu Musulmi ne suka haƙa kabarin tare da samarin majami'a, matan unguwa suka cika tsakar gida. A karo na farko suka samu bakin ce wa Inna "ya haƙuri", kuma na lura wasu sun faɗa sau biyu, suna riƙe da hannunta.

Washegarin jana'iza ladan ya yi kira, babu gyaran murya a tsakar gida. Na tashi duk da haka, na shimfiɗa tabarma. Daga ni sai Inna. Na yi karatun, na karanta labarin waliyyin ranar, wani mai gadin ƙofar gidan sufaye da ya mutu da tsufa a kan shimfiɗarsa, ban ma iya yin ƙorafi a kansa ba. Na shiga sunayen masu rai, na tsallake wurin da sunan Baba yake. Na kai matafiya. Sai na ga abin da ban yi tunaninsa ba a daren jiya. A gidanmu wanda ya mutu kwanan nan shi ake fara kira a cikin matattu, domin shi ne baƙo a can. Sunan Yaya ne na ƙarshe a wannan gefen, sunan Baba ne na farko a wancan. Babu komai a tsakaninsu sai numfashina.

Na tsaya kafin in faɗi ko ɗaya. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, domin yanzu hukuncin a bakina yake. Na dubi Inna. Na ce, "Inna, ina zan sa shi? Duk inda kika ce, nan zan sa."

Ta daɗe tana kallon gindin bishiyar, inda ƙasa ta lotsa saboda zaman Baba. Na ɗauka za ta ce in haura da shi, abin da ta yi shekaru tana roƙo. Ta goge fuskarta da gefen kallabi.

"Bar shi inda ubanshi ya aje shi," in ji ta. "Amma kar ki tsaya tsakaninsu. Hwaɗe su tare, numfashi guda. In yana raye, uban shi turo mini shi gida. In ya mutu, shi kama hannunshi shi ba shi ruwa. Ni na gaji, ɗiyata, ba ni iya riƙonshi kuma."

Na cika ƙirjina da iska, na faɗi sunayen biyu a jere ban tsaya ba.