Kwanon Ɗakin Ƙarshe

Ranar Asabar ta farko bayan an ba mu dogon hutu, shekarar da na gama aji huɗu na firamare, ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu a unguwar Agege ta Legas ina wanke-wanke, sai Mama ta yi tambayar da ta kusa tona mini asiri. Maƙwabciyarmu Maman Zali ta zo jan ruwa, Mama tana shanya. "Maman Zali, naman jiya ya yi laushi kuwa? Saniyar nan kamar ta girmi kakata." Soso ya suɓuce daga hannuna. Duk duniya ni kaɗai zan iya ba da amsa, domin a cikina naman ya kwana.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna suna kallon juna, murhu a ƙofar kowa. Idan ka yi atishawa a ɗakin farko, na ƙarshe ne zai yi maka addu'a. A ɗakin ƙarshen nan ƙawata Zali da iyayenta suke. Daga Maraɗi suka zo. Babanta dako yake yi a kasuwar Mile 12, har ranar da ya zame da buhun albasa a kai, bayansa ya taɓu, ya kwanta. Tun daga nan murhunsu ya yi sanyi, amma Maman Zali ba ta taɓa roƙon kowa ba. Kullum zaninta a wanke, gaisuwarta da fara'a.

Mama ta san idan aka kira abu sadaka, irin matar nan ba za ta karɓa ba. Saboda haka kullum bayan la'asar takan cika kwanon samira da shinkafa, ta ɗora tsoka uku daga naman da Baba ke kawowa daga abbatuwa, ta ce, "Ummi, kai wa Maman Zali, ki ce ta ɗanɗana mini." Ba ta gaya mini halin da suke ciki ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na sani shi ne a hanya akwai tankin ruwa, bayansa kuma akwai lungu daidai ni. Da tsoka ɗaya na fara. Na ce ladan aike ne, ai ko kwandastan bas ɗin danfo ba ya rataya a ƙofa kyauta. Kafin wata ya ƙare na zama oga: nama duka nawa, shinkafar ma sai na rage mata tsawo, in lallaɓe samanta da yatsa. Na yi kumatu har idanuna suka fara ɓuya, Mama kuwa tana ta yabon maganin tsutsar da ta ba ni.

Maman Zali takan karɓi kwanon da hannu biyu ta ce, "Allah shi yi albarka, ɗiyata." Da safe ya dawo a wanke, da 'yar gyaɗa ko guntun kanwa a ciki, don kada ya koma wayam.

To, a bakin rijiyar nan Maman Zali ta juyo ta kalle ni. Kallon bai daɗe ba, amma na ji kamar an cire mini ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Sai ta ce, "Ya yi laushi, Yaya. Zali har ƙashin ta tauna." Ta ɗauki bokitinta ta wuce. Na bi ta da ido, a lokacin na lura cewa tagar ɗakinsu lungun tankin take kallo. Ashe duk watannin nan tana ganina.

Da yamma muna 'yar carafke na tambayi Zali me ta ci da rana. Ta yi dariya. "Mu sai kin kawo muke ci. Baba ake fara ba saboda magani, sai ni. Inna ta ce ita shinkafa ba ta dame ta ba." Ta cafe dutsenta, ta ci gaba da wasa.

Daga ranar ban sake buɗe kwanon ba, har nawa naman nake jefawa a ciki. Kwana tara kawai na samu. 'Yan garinsu suka nemo musu wuri a motar albasa mai komawa gida. Ni na riƙe wa Zali ƙunshin kayanta har bakin titi. Na haɗa kalaman ban-haƙuri a baki, amma da Maman Zali ta dafa kaina, abin da ya fito shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Yanzu shekarata goma sha shida, kuma har gobe ni ce mai sa ajinmu dariya. Wannan labarin ne kaɗai ban taɓa ba su ba. An cire tankin, wasu ne a ɗakin ƙarshe, Mama kuma takan ce cikin 'ya'yanta ni ce mai amanar aike, sai in sunkuyar da kai ta ɗauka kunya ce. Ban san ko baban Zali ya miƙe ba, ban san ko Zali ta yi tsawo ba. Duk kwanon da aka aike ni da shi yanzu a cike yake isa, sai dai ba ƙofar da nake so ya isa ba.