Na je Keffi na tarar Hausa ta ɓace wa Mama

Mun tashi daga Jos gari bai gama wayewa ba, ana yayyafi, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Na ce "mun" ne don motar cike take, amma ban san kowa a cikinta ba. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, ban ko tsaya ciniki ba. Yayata ce ta kira ni daga Keffi, ta ce Mama ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. An sallamo ta daga asibiti, amma akwai abin da sai na zo na gani da idona.

Muna gangara Hawan Kibo kunnuwana suka toshe kamar an cusa mini auduga. Mutumin da ke gefena ya ga ina ta soka yatsa, ya ce in haɗiye yawu. Ina haɗiyewa kuwa suka buɗe. Ya ce iskar ƙasa ta fi ta kan tudu nauyi, ita ce ke danna fatar cikin kunne. Na so in tambaye shi me ya sa Jos ta fi sanyi alhali ta fi kusa da rana, amma kafin in haɗa tambayar ya yi barci a kafaɗata, har da minshari.

A Akwanga muka tuɓe rigunan sanyi. Na sayi gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa, na kasa ci. Daga nan duwatsu suka ja baya, ƙasa ta koma jawur, gonakin doya hagu da dama. Direbanmu ya san kowane rami a hanyar kamar tare suka tashi. Muka shiga Keffi rana ta take, zafi kamar a bakin murhu. Keke ya kai ni Sabon Gari, ta tsakanin makanikai da masu sayar da kayan miya.

Na tarar da Mama kwance a kan katifa a falo. Ta gane ni, ta yi murmushi da rabin bakinta, ta kama hannuna ta fara magana. Ban gane ko kalma ɗaya ba.

Na ce, "Yaya, me take cewa?"

Ta ce, "Da na sani ai da ban taso ka ba. Tun da ta farfaɗo, yaren Eggon kawai take yi."

Mama 'yar Eggon ce. Ta bar ƙauyensu tana budurwa, ta auri Baba a Jos, da Hausa ta raine mu, da Hausa take mana faɗa. Yarenta sai in 'yan'uwanta sun zo, su kuma duk sun rasu.

Yaya malamar makaranta ce, da safe take fita, sai a bar ni da Mama. Ban taɓa jin kaɗaici irin na falon nan ba. Ga uwata ina riƙe da hannunta, amma kamar da katanga a tsakaninmu. Akwai wata magana da take ta maimaita mini. In kawo ruwa, ta kau da kai. In gyara matashi, ta girgiza kai. In kunna fanka, ta sake faɗa da ƙarfi, har hawaye ya zubo mata. Sai in fita bakin ƙofa in zauna ina kallon kekuna suna wucewa.

Ranar da muka mayar da ita asibiti na tambayi likita yadda yare guda zai fita daga kan mutum ya bar wani. Ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta, inda magana take. Ɓangaren hagun ne kuma ke juya gefen dama na jiki, shi ya sa hannun dama ya mutu. A wasu masu irin ciwon, yaren da suka fara ji a bayan uwa shi ke saura. Na ce, Hausar za ta dawo? Ya ce tana iya dawowa a hankali, tana iya ƙi, ba zai yi mini alkawari ba. Ya ce dai kada mu daina yi mata magana.

Ana gobe zan tafi wata dattijuwa da suke coci ɗaya ta zo dubiya. Ashe ita ma Eggon ce. Suka ɓarke da hira, na ji dariyar Mama a karon farko. Da Mama ta juyo ta sake yi mini maganar nan, na ce wa dattijuwar, "Baba, don Allah me take nufi?"

Dattijuwar ta dube ni ta ce, "Ɗana, tambayarka take yi ko ka ci abinci. Ta ce ka rame."

Na rasa inda zan sa idona. Dattijuwar ta koya mini yadda zan ce na ci. Na faɗa, suka kwashe da dariya su biyu, wai na karya harshe na faɗi wani abu daban, ta kuma ƙi gaya mini ko mene ne. Na ɗauko tuwo da miyar kuɓewa na zauna a gaban Mama na cinye tas, tana kallon kowace loma.

Washegari na kamo hanyar Jos saboda aiki. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, shekara da shekaru ina hira da uwata, amma akwai ɓangarenta da ban taɓa tambaya a kai ba, sai da ciwo ya bar mini shi kaɗai.

Yanzu kullum da yamma nakan kira, Yaya ta kara mata waya a kunne. Mama ta yi tambayarta, in ba ta amsata. Daga nan ba mu da sauran magana. Sai mu yi shiru, ina jin numfashinta, har Yaya ta zo ta karɓi wayar.