Ranar da na kasa ɗagowa daga sujada

Shekarun baya, kafin in ajiye aikin koyarwa, ni nake jan salla a masallacin unguwarmu a Gummi duk ranar da liman ba ya nan. Ba karatu na fi kowa ba, murya ce Allah ya ba ni, kuma ina jin daɗin a ce in wuce gaba.

Da ma akwai abubuwan da nake gani a jikina ina kawar da kai. Hannuna na dama yakan yi rawa in na zauna, sai in cusa shi a aljihu. In na miƙe da sauri idona ya yi duhu. A aji kuma ina tsakiyar bayani, wani ya yi tari, shi ke nan maganar ta kuɓuce mini. Maiɗakina ta kawo zancen asibiti, na ce gajiyar dashen shinkafa ce.

Wata magariba liman ya tafi ta'aziyya Bukkuyum, na shiga gaba. Na yi Fatiha lafiya, na kama sura, sai babur ya wuce bakin masallaci da ƙara. Ayar ta ɓace. Surar da nake biya wa 'yan aji uku fa. Aka ɗora mini daga baya, ina jin muryar amma na kasa gane inda na tsaya. Na yi ruku'u a haka. Da na kai sujada sai jikina ya ƙi tashi, ƙafafun kamar na wani. Goshina a ƙasa, ina jin ana ta "Subhanallah". Da na yunƙura da ƙarfi na miƙe, jiri ya kwashe ni na zube gaban sahu. Ladan ne ya ƙarasa sallar.

Kafin gari ya waye kowa ya zama likita. Masu cewa iska, masu cewa gubar dalma ce tunda na taɓa koyarwa wajen Bagega, inda ake haƙar zinare. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ta masu cewa Malam ya fara shan ƙwaya irin ta samari. Na daina zuwa masallaci. Makaranta ma ta bayan gari nake bi. In aka yi sallama da ni sai in sa a ce ina barci.

Har aka girbe shinkafa ina ɗaka, in ba makaranta za ni ba. Rannan mahaifiyata, Inna, ta dogaro sandarta ta same ni ina salla a zaune. Ta jira na sallame, ta ce, "Kai wanga, don mutanen Gummi kaka salla ko don Allah? Ciwo ba sata ba ne." Na sunkuyar da kai kamar ba ni da furfura.

Ita ta aika aka kira abokina, wani tela da muka taso tare, ya raka ni asibiti Sakkwato. Likita ta sa na yi tafiya a gabanta, ta auna jinina a kwance da a tsaye, ta ce ciwon Fakinsan ne. Na ce to rawar hannu na gane, mantuwar fa? Ta ce akwai sinadarin ƙwaƙwalwa mai saita motsi, dofamin, shi aka fi sani. Amma akwai wani, noradirenalin, mai riƙe hankalin mutum a kan abin da yake yi, yana kuma taimaka wa jini kada ya yi ƙasa in an miƙe. Wannan ciwon yana cin ƙwayoyin halittar da ke samar da su duka biyun, sau da yawa tun kafin a lura da rawar. Ta ce maganin zai fi taimakon motsi, hankali kuwa sai na lallaɓa shi: abu ɗaya a lokaci ɗaya, tashi a hankali, shan ruwa, tattaki kullum.

Na koma masallaci da kujera, can ƙarshen sahu. Ban sake shiga gaba ba. 

Bayan wani lokaci wani maƙwabcina, wanda aka ce yana cikin masu zancen ƙwaya, ya tare ni yana murza hula. Ashe yayansa ya daɗe a ɗaka da irin wannan rawar, sun hana shi fita don kada a gani. Na bi shi na gaida mutumin. Ƙafafunsa sun riga sun sandare, ya juya fuska bango don kada mu haɗa ido.

Har yau in na tuna magaribar nan sai in ji zufa ta karyo mini, kunyar ba ta tafi ba. Amma tun da na fito daga ɗakin mutumin nan, duk wanda ya tsaya kallon hannuna, ni nake fara gaya masa sunan ciwon.