Yadda Na Sa Mutum Tamanin Suka Yarda Ƙwarai

Shekarun baya can, Jigawa tana sabuwa fil, ina sayar da sabulu da man shafawa a kasuwar Gwaram. Boko aji uku na yi na gudu, amma in an ba ni lokaci ina haɗa baƙi.

Wata rana 'yar ƙanwata da ke karatun Hausa a jami'a a Kano ta zo mini da takardu tamanin. Ta ce shekarar ƙarshe take, sai ta yi bincike za a ba ta digiri. Wai so take ta gano ko tallan da ake saka labari a ciki ya fi jan mai saye a kan wanda za a ce kawai ga sabulu, zo ka saya.

Na ce, "Da kin tambaye ni ai na faɗa miki, ba sai an ɓata takarda ba."

Ta ce, "Kawu, bakin mutane da yawa ake so. Ka karanta wa masu zuwa rumfarka, abin da mutum ya zaɓa ka yi masa alama da fensir."

Kowace tambaya amsa huɗu gare ta: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban sani ba. Ta koma Kano.

Da na fara, sai kaina ya ɗaure. Tambaya ɗaya, wannan ya yarda, wancan bai yarda ba. Wata tsohuwa daga Kwandiko ta ce ita mai kumfa take saye, ko da mai tallan bebe ne. Masu "ban sani ba" kuwa kamar sun yi shawara.

A sanina, duk takarda mai tambaya jarrabawa ce, amsa ɗaya ce daidai. Ga yarinya za ta faɗi saboda sakacin mutane. Ga malaman Kano za su ce, dubi waɗanda aka ba jiha, ko dalilin sayen sabulu ba su sani ba. Na shawarci abokina mai shayi, ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin malami ya doki wanda ya ce ya yarda ba." Na sayi kilina, na goge komai, na mai da tamanin ɗin nan "na yarda ƙwarai". Na ba direba ya kai mata, ina jiran godiya.

Bayan mako biyu sai ga ta, ido ya yi ja. Malaminta ya ce a ɗaki ta zauna ta cike da kanta, don haka za ta maimaita shekara. Ta buɗe mini takarda ɗaya. Tambaya ta uku ta ce labari a talla yana sa ni saye. Ta tara ta ce labari a talla ɓata lokaci ne. Duka an yarda ƙwarai.

Ta ce, "Kawu, yaya aka yi haka?"

Na ce, "Mutanen Gwaram akwai haɗin kai."

Ba ta yi dariya ba. Nan na faɗi gaskiya. Uwarta ba ta zage ni ba, don ni ne babba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, motar Birnin Kudu da sassafe take tashi, daga can ka hau ta Kano."

Na je gaban malamin da babbar rigata, na ajiye masa ragowar kilinar, ta koma kamar ƙwayar wake. Na ce ga mai laifi, ga makaminsa, yarinya ba ruwanta.

Ya ce, "Baba, me ya kai ka?"

Na ce, "Don ta ci. Yanzu dai, Malam, faɗa mini wacce ce daidai, in je in gyara."

Ya ce, "Babu daidai. Ko 'ban sani ba' amsa ce."

Na ce, "To in babu daidai, a kan me za a kayar da ita?"

Ya cire tabarau ya yi ta dariya har da hawaye, ni kuwa tambayar gaske na yi. A ƙarshe ya ba ta mako uku ta sake.

Ni na riƙa goya ta a babur, Basirka yau, Unguwar Ya gobe, bisa sharaɗin ba zan buɗe baki ba. Ban taɓa shan horo irin wannan ba. Ina tsaye mutum zai yi wa sana'ata mummunar shaida, ita kuma tana rubutawa tana cewa madalla. In na yi gyaran murya ta harare ni. Ta dai ci, aka ba ta digirinta.

Har yau ban gama gane karatun da ake ci da saɓanin mutane ba. Abin da na ɗauka shi ne, taimakon da ba a fahimci aikinsa ba ya fi mugunta ɓarna, don mugu aƙalla ya san abin da yake yi.

Yanzu ita ma malama ce a jami'a, takan turo ɗalibanta su yi hira da ni a kan talla. Na lura suna gaishe ni da ladabi, amma in na miƙa hannu kowa sai ya ƙanƙame jakarsa. Da na matsa, wata ta ce, "Baba, cewa ta yi mu tambaye ka komai, amma kada mu bar maka takarda."