Baturen da Ya Zo Ta'aziyyar Yaya Nasiru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Nasiru, amma har yau in na tuna ranar addu'ar uku sai gabana ya faɗi.

Yaya masanin abincin dabbobi ne. A jami'a nan Manchester yake bincike kan enzayim, wani sinadari da ake haɗawa a abincin kaji don cikinsu ya narkar da dusar da a da take fita a banza. Kaza ta ci kaɗan, ta yi nama. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu aka rufe sashensu, ya zauna gida wata da watanni, ga yara, ga hayar gida a unguwar Cheetham Hill. Daga baya ya ce ya samu aiki wajen Birmingham, "harkar feed dai," wato abincin dabbobi. Muka yi hamdala. A can zuciyarsa ta buga, ya faɗi bai tashi ba.

Ranar uku falo ya cika da dattawanmu, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, na ga wani tsohon Bature riƙe da leda, idonsa jawur. Ya cire takalmi ba wanda ya gaya masa, ya shigo ya tsaya tsakiyar mutane. Ya ce shi manomi ne, a gonarsa Yaya ya faɗi.

"Shi ya ceci aladuna," in ji shi da Turanci. "Tsadar abinci ta kusa sa in sayar da gonar. Haɗin da ya yi mini ne ya sa suka soma girma."

Alhaji Bala, babba a cikinmu, ya ajiye carbi ya dube ni.

"Kai Auwalu, aladu na ji ya ce?"

Daga bayan ƙofar kicin matar Yaya, Anti Hajara, ta amsa.

"Aladu ya ce, Alhaji, kuma na sani. Ya ce kaza da alade ba sa tuƙa kamar saniya, ilimin cikinsu ɗaya ne. Ba son aikin yake ba, har ya rasu yana neman wani. Amma wa ya taɓa roƙa a cikinku?"

Lallai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Baturen bai san me ya tayar ba. Ya miƙo mini ledar, na leƙa: daddumar Yaya ce. Ya ce ɗaki ya ware masa a cikin gidansa, nesa da dabbobin, kusa da famfo, don ya ga ba ya wasa da lokacin salla. A nan na fashe da kuka. Mutum biyu suka tashi suka fita, kuma ba su sake taka gidan ba. Alhaji Bala ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya miƙe ya ba tsohon hannu.

Bara na je Kano, na tarar da wani ɗan uwanmu mai kiwon kaji yana zuba irin wannan sinadari a dusa, yana yabonsa, don masara ta gagari kowa. Da Yaya na nan, dariya zai yi ko takaici, ganin abin da aka kore shi a kansa ya zama kayan kasuwa? Kuma da zai so in rubuta wannan? Na yi ta juya tambayar, Anti Hajara ce ta ce in rubuta.

Ni ba malami ba ne, hukuncin aikin nan na bar wa Allah. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na dai san yaransa sun girma ba su san yunwa ba. Tsohon nan kuwa daga baya ya soma kiwon kaji, kuma duk azumi yana aiko mana da ƙwai. In ya buga waya sai ya ce, "Gaya wa mutanenku su ci, na kaji ne."

Allah Ya jiƙan Yaya.